Ladan a Ɗakin Albasa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ba ya mance bawansa ko da 'yan'uwansa sun mance shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin da ya sanya gaida marar lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Bayan haka.

Ranar Alhamis da hantsi, ana gobe za a buɗe taron tsofaffin ɗaliban kwalejin horon malamai da ke bayan garin Wurno, aka fitar da Malam Lawwali daga shagon ƙofar gida inda ya yi shekara ɗaya da rabi yana jinya. Ƙanensa Alhaji Nasrullahi, mai gidan, wanda kuma shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗaliban a wannan shekara, shi ya tallafe shi ta hammata, ya ratsa da shi tsakar gida, ya wuce madafa, ya wuce turken awaki, ya dire shi a ɗakin ajiyar albasa.

"Kwana ukku na kaɗai, Yaya," in ji Alhaji Nasrullahi yana shimfiɗa masa tabarma. "Baƙi na tahe daga Sakkwato da Kaduna har Abuja, ba ni da wurin sauke su in ba shagon ga ba. Ka san halin mutanen birni."

Malam Lawwali ya gyaɗa kai. Tun ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen da yake koyarwa a gabas da Rara, ya gudu cikin daji ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma masa guntu-guntu. Abin da ya rage masa cikakke shi ne abin da ya haddace. Fatiha da surori sukan fito daga bakinsa sumul kamar ba abin da ya same shi, amma ya ce a ba shi ruwa sai ya yi gumi. Don haka bai yi musu ba. Ya dai ƙanƙame ƙunshin da ke hammatarsa ta hagu, farar riga ce da hula da ya roƙa aka wanke masa tun makon jiya.

Shi ma ɗalibin kwalejin nan ne, ya riga ƙanensa da shekara huɗu. Shekara biyar ya yi yana kiran salla a masallacin makarantar, har sunansa na yanka ya ɓace, malamai da ɗalibai kowa Ladan yake ce masa. Kuma ya san al'adar taron. Ranar Lahadi ake rufewa da walima a gidan shugaba, a ɗauko tsohuwar rajista a kira sunaye aji-aji, mai rai ya amsa, wanda ya riga mu gidan gaskiya a yi masa addu'a. Mako biyu ya yi yana koya wa harshensa kalma biyu, safe da yamma, kamar yaro mai biya allo: ga ni.

Ɗakin albasa rufin kwano gare shi, tagarsa ba ta fi allon karatu ba. Albasar rani da aka kwaso daga fadamar Goronyo tana baje a kan gadajen kara, ta cinye ɗakin sai ɗan wurin tabarma. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne. Kafin azahar kwano ya ɗauki zafi, yajin albasa ya tashi, idanunsa suka kama zubar da ruwa ba tare da ya yi niyyar kuka ba.

Ranar Juma'a tun da ya sallame asuba ya fara sa rigar. Mai hannu ɗaya ba ya sa babbar riga da sauri. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan wuyan ya zauna daidai, ya ɗora hula, ya jingina da bango yana jiran a zo a ɗauke shi zuwa masallaci tare da baƙi. Ya ji tsayawar motoci. Ya ji dattawa masu furfura suna kiran juna da sunayen tsokana na ƙuruciya, wani ana ce masa Gwanki, wani Sarkin Ƙanzo, suna ƙyaƙyata dariya. Ya ji an kayar da rago. Daga baya ya ji motocin sun tashi, gidan ya yi tsit, liman ya hau huɗuba daga nesa.

Sai bayan la'asar Hajiya Sabuwa, matar ƙanensa, ta turo ƙofa da kwanon shinkafa da moɗar ruwa.

"Malam, a yi haƙuri. Hannu biyu gare ni, bakin mutum tamanin nika ciyarwa."

"Ru... ruwa," in ji shi. "Al... wala."

"Butocin duk suna waje wurin baƙi. Bari in samu guda in kawo."

Ba ta kawo ba. Ya dubi moɗar, ya ga in ya yi alwala da ita ba abin da zai sha har gobe. Sai ya buga tafinsa na hagu a bangon ƙasa ya yi taimama, ya yi sallolinsa a zaune, yana roƙon Allah ya karɓa a yadda ta samu. Gab da magariba ya ja jiki da gwiwar hannu har ya fitar da kansa bakin ƙofa don ya sha iska. Hajiya Sabuwa ta hango shi daga madafa. Ta ajiye ludayi ta zo da sauri, ta mayar da shi ciki, ta jawo ƙyauren, ya ji tana murɗa waya a jikin marfin.

"Awakin ga ba su da kunya, Malam," ta ce ta bayan ƙofa. "In sunka shiga sunka tattake albasar Alhaji, ni za a yi wa hwaɗa."

Ranar Asabar gidan ya wayi gari da kiɗan lasifika da rurin janareta. Daga abin da mai sanarwa ke faɗi Malam Lawwali ya san tsarin yinin. Za a dasa itatuwa a harabar kwaleji, tsofaffi za su buga ƙwallo, 'yan ajin farko da 'yan ajin baya, sannan a tafi madatsar ruwa ta Goronyo a ci soyayyen kifi a ɗauki hoto. Shi kuwa gwangwanin fitsarinsa ya cika tun daren jiya, ba wanda ya zubar. Kwankwasonsa na dama, wanda ba ya iya ɗagawa sai an juya shi, ya fara yi masa wani irin zugi mai nisa kamar a jikin wani. An kawo masa koko da rana tsaka, ya huce, da moɗar ruwa ɗaya.

A rufin kwanon akwai hudar ƙusa. Haske kan sauko ta cikinta kamar zare, ya sauka a ƙasa, ya yi ta rarrafe. Da shi ya riƙa gane lokaci. In zaren ya tsallake ƙafar gadon kara na farko, rana ta gota, azahar ta shiga.

Da la'asar sakaliya baƙin suka dawo daga Goronyo. Wajen alwala na ƙofar gida ya cika, sai mutum biyu suka zagayo baya da butocinsu, suka tsuguna a gindin bangon ɗakin albasa, daidai ƙarƙashin taga. Muryar farko da ya ji nan take ya gane ta. Ja'afar ne, ɗan Achida, wanda suka yi shekara biyar gadonsu na kallon juna, ya tafi aiki Kaduna ya daɗe. Ɗayan kuwa Almustapha ne, mai tsaron gidan ƙwallon ajinsu.

"Kai dai ka ji kunya yau," in ji Ja'afar. "Ƙwallo huɗu, kana tsaye awa turken jaki."

"To ka zo ka tsaya da tumbin ga naka mu gani. Kai da anka hidda tun minti goma kana haki."

Suka yi dariya. Ruwa ya zuba. Can sai Ja'afar ya sassauta murya.

"Da munka shiga masallacin kwaleji ɗazu, na tsaya ga dutsen da Ladan ka hawa. Wallahi ban san sa'ad da hawaye sunka zo ba."

"Allah ya jiƙan Lawwali. An ce ko gawarsa ba a samu ba?"

"Haka anka rubuta cikin zauren ƙungiya na waya. Ni da kaina na kira Nasrullahi na yi mai ta'aziyya, ya ce Allah ya ba da lada."

Sai a lokacin Malam Lawwali ya gane cewa a wurin abokansa ya daɗe da mutuwa. Ya buɗe baki da dukkan ƙarfinsa. "Ja... Ja..." Abin da ya fito ke nan, a shaƙe, janareta ya haɗiye rabinsa. Ya lalubi albasa guda ya jefi ƙyaure da ita.

"Ka ji bunsurun Alhaji," in ji Almustapha. "Shi ma yana son a kira sunansa ga rajista."

Suka kakkaɓe hannuwa suka tafi.

Bayan tafiyarsu ne tunanin ya zo masa, cewa akwai abu ɗaya da harshensa bai taɓa ƙi masa ba, kuma ba ɗan kwalejin da zai ji shi bai gane ba. Amma la'asar ta riga ta wuce, shi kuwa tun yana yaro malaminsa ya hore shi cewa ba a wasa da kiran salla, ba a yin sa sai lokaci ya shiga. Da magariba duk sun tafi babban ɗakin taro na kwaleji wajen rabon kyaututtuka. Da asubar Lahadi ya cika ƙirjinsa da iska, ya buɗe baki, sai ya tuna nono ɗaya suka sha da Nasrullahi, kuma wanda ya suturta ɗan'uwansa Allah zai suturta shi. Ya rufe bakinsa. Ya ce a ransa, bari ya zo tukuna, wataƙila yana da magana.

Da hantsi kuwa ya zo. Ya warware waya ya shigo cikin shadda ruwan toka, irin wadda 'yan kwamiti suka yi anko, yana toshe hanci da gefen hannun riga. Ya ce, "An tashi lahiya, Yaya?" Bai jira amsa ba ya sunkuya kan gadon kara ya fara juya albasa yana latsawa.

"Na..." Malam Lawwali ya yi ta kokawa da harshensa. "Na... mutu?"

Hannun Alhaji Nasrullahi ya tsaya. Bai juyo ba.

"Wa yag gaya maka?" Ya ci gaba da juya albasa. "Ba ni na rubuta ba, Yaya. Wani na yar rubuta, ranar da anka tashi ƙauyen. Sa'ad da mahwarauta sunka tsinto ka, an yi kwana ukku ana yi min ta'aziyya. Har sadakar ukku an yi. Mi za ni ce musu? Na ce bari ka ji sauƙi tukuna. Yau, gobe, abin ya yi nisa. Yanzu in na buɗe baki, shugaban ƙungiya ya zama maƙaryaci gaban kowa."

"Ra... jista."

"Ka dibi kanka, don Allah. Mutanen ga sun san ka da hwarar riga, tsaye bisa dutse, gari duk na jin ka. So kake su gan ka miyau na zuba? Mutuncinka nika karewa. Gara su tuna da kai yadda sunka san ka. Kuma addu'a ai ba ta ɓaci, ko mai rai na bukatarta." Ya ɗago wata albasa da ta fara laushi, ya jefar da ita ta taga. "Wa ka ciyar da kai? Wa ka sayo maka magani? Wasu da yanzu suna kwance makarantar hiramare tare da 'yan gudun hijira. Ka yi haƙuri zuwa la'asar, su watse, in mayar da kai shagonka."

Ya bi gadajen kara ɗaya bayan ɗaya har ya gama. "Ita albasa ba ta son a mance da ita," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Kwana biyu ba a juya ta ba, sai ta ruɓe ta ƙasa." Ya fita, ya murɗa waya.

Malam Lawwali ya dubi kwankwasonsa inda rigar ta manne da fata. Bai ƙara zubar da hawaye ba. Ya jawo moɗar, saura maƙurwa biyu a ciki, ya ajiye ta kusa da hannunsa bai sha ba.

Wajen sha ɗaya aka fara walima a rumfunan ƙofar gida. Bayan an ci an sha, lasifika ta ɗauko wata tsohuwar murya mai rawa. Malam Iliyasu ne, wanda ya koyar da su Larabci da Fiƙihu, ya haura tamanin, shi kaɗai ya rage cikin malamansu na farko, shi ke kiran rajista kowace shekara. Yana kira ana amsawa, ana tsokana. Wani ya amsa a makare, Malam Iliyasu ya ce har yau bai bar latti ba, a ba shi lauje ya je yankan ciyawa. Aka yi ta dariya. Aka zo ajinsu. Aka kira Almustapha, aka kira Ja'afar. Inda sunansa yake a jeri, leɓunan Malam Lawwali suka motsa, amma tsohon ya tsallake zuwa na gaba.

Da aka gama da masu rai, muryar ta sauka ƙasa. Aka shiga sunayen waɗanda suka rasu, kowane suna jama'a na amsawa da Allah ya jiƙansa.

"Lawwali Abubakar Rara," in ji Malam Iliyasu. Ya tsaya, ya yi gyaran murya. "Ladan."

"Allah ya jiƙansa," in ji mutum fiye da ɗari.

"Ku kashe injin ga," tsohon ya ce. "Mu karanta musu Ƙulhuwallahu goma sha ɗaya cikin natsuwa."

Janareta ya yi tari ya mutu. Shiru ya sauka a gidan, irin wanda ba a yi ba tun ranar Juma'a.

Malam Lawwali ya dubi ƙasa. Zaren haske ya tsallake ƙafar gadon kara na farko. Azahar ta shiga. Ya auna abin a ransa kamar yadda Malam Iliyasu ya koya musu auna mas'ala. Suturta ɗan'uwa wajibi ne, amma ga Musulmi ɗari an sa su shaida abin da ba haka yake ba a gaban Ubangijinsu, ga kuma lokaci ya yi, ba wanda ya kira. Ya shanye maƙurwa biyun nan. Ya kama ƙafar gadon kara da hannun hagu, ya ja jikinsa har ya miƙe zaune yana fuskantar alƙibla, albasa tana gangarowa a cinyarsa. Ya sa yatsa a kunne.

Kabbarar farko ta fito a dushe. Ta biyu ta buɗe. Da ya kai kalmar shahada muryar ta dawo masa gaba ɗaya, da jan nan nata mai tsawo da karyawarta a ƙarshe, wadda ta tashi ɗaliban kwaleji daga barci shekara biyar.

Ba ya ganin kowa, kunnensa kaɗai ke gaya masa. Ya ji kujera ta faɗi. Ya ji muryar ƙanensa tana cewa, "Ladanin unguwa na, ku zauna, ladanin unguwa na." Ya ji Ja'afar ya ce, "Nasrullahi, kauce min." Sannan takun ƙafafu masu yawa a tsakar gida, mata suna darewa, awaki suna tsalle. Takun ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Ba wanda ya taɓa ƙyauren, domin ba a katse ladan. Suka tsaya a rana suna amsa masa jimla bayan jimla, wata murya a cikinsu tana karyewa, har ya kai la'ilaha illallahu.

Sa'an nan Ja'afar ya warware wayar.

Wari da zafi suka fito suka tarye su. Suka gan shi zaune cikin albasa, farar rigar ta zama abin da ta zama, hula a karkace, leɓuna sun tsage. Ja'afar ya durƙusa ya rungume shi. Aka buɗa wa Malam Iliyasu hanya, ya iso yana dogara sanda, rajista a hammata. Ya daɗe yana duban ɗakin, gwangwanin, moɗar, wayar da ke lilo a marfin ƙofa.

"Malam, wurin kwana na yay yi ƙaranci," Alhaji Nasrullahi ya fara. "Kuma lalurarsa..."

"Shi yaf fi son nan, ya fi shiru," in ji Hajiya Sabuwa daga bayan zana.

Tsohon bai dube ta ba. Ya tambayi Nasrullahi abu ɗaya. "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke?"

"E, Malam."

 Malam Iliyasu ya buɗe rajista, ya karɓi alƙalami a hannun Almustapha, ya soke abin da aka rubuta a gaban sunan. Ya ɗaga murya kamar yana gaban aji.

"Lawwali Abubakar Rara."

Bakin ya karkace, jijiyoyin wuya suka tashi. Jama'a suka jira.

"Ga... ni."

"Mi kake so, Ladan?" in ji Ja'afar. "Hwaɗi ko mi na na."

"Ruwa," in ji Malam Lawwali. "Alwala."

Ja'afar da Almustapha suka ɗauke shi zuwa makewayi, suka wanke shi da hannunsu, suka sa masa rigar Ja'afar ta anko. A nan suka ga gyambon da ya buɗe a kwankwasonsa, faɗin tafin hannu. Aka zaunar da shi a sahun farko, aka yi azahar da kiran da ya yi. Mai gida ya yi tasa a sahun ƙarshe, kowa ya bar masa fili dama da hagu. Da za a sa Malam Lawwali a motar Ja'afar zuwa asibiti, daga can kuma Achida, Alhaji Nasrullahi ya matso jikin taga. Wanda ya ji ya ce ba gafara ya nema ba. Cewa ya yi, "Ka gama da ni, Yaya."

Tun da 'yan bindiga suka fara tashin ƙauyukan Rabah da Goronyo, gidaje da yawa a cikin gari sun karɓi nasu, kuma da yawa sun riƙe amana, Allah ya saka musu. Amma akwai ɗakunan baya da ba a kai baƙo, akwai ƙyauren da ake ɗaurewa saboda awaki, kuma ba kowane na ciki Allah ya bar wa murya ba. Mai ciyar da ɗan'uwansa yana ɓoye shi kamar abin kunya, ya sani ranar da za a kira babbar rajista ba a tsallake suna, ba a kuma amsa wa wani.

Gyambon Malam Lawwali sai da ya yi wata uku kafin ya rufe. Albasar kuwa an kai ta kasuwar Achida da damina, buhu arba'in, ko guda ba ta ruɓe ba.